Mai jesi bakwai ne zai koya mana Nedved?

Jiya da daddare wani bawan Allah ya rubuta cewa wai Pavel Nedved, tsohon ɗan wasan Juventus ɗan ƙasar Cek, gudu kawai ya iya, wai Ballon d'Or ɗin 2003, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, ƙwace wa Thierry Henry aka yi aka miƙa masa. Ban kama suna ba, ba kuma zan kama ba. Mu da muka san shi tun yana leƙen wasa ta tagar gidan kallo, dariya muka yi muka wuce. Sai da na ga 'yan amshin shatarsa suna ta "gaskiya ne oga" sannan na ce bari in tanka.

Henry gwani ne, babu mai musu. Amma a kakar nan ƙungiyarsa Arsenal ko zagayen 'yan takwas ba ta kai ba a gasar Zakarun Turai, kofin Firimiya kuma Manchester United ta ɗauke. Juventus fa? Ta ci Serie A, babbar gasar Italiya, ta kuma tari Real Madrid mai su Zidane da Figo da Raul a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke ta 3-1 a Turin. Ƙwallo ta uku Nedved ne ya tsinke da gudu ya ɗirka wa Casillas. Gudun nan da ake rainawa ke nan. Saura 'yan mintuna a tashi ya kwashe McManaman, aka ɗaga masa katin gargaɗi, aka ce ba zai buga wasan ƙarshe ba. Yana zaune yana kallo a Old Trafford AC Milan ta ɗauke kofin da bugun fenariti. Har gobe 'yan Juventus na cewa da yana cikin fili da labari ya sha bamban.

Shi malamin namu mai rubutun jiya, a lokacin ban san wace jesi ce a jikinsa ba, don lissafin yana da wuya.

Kafin nan ma ba a titi aka tsinto Nedved ba. Daga Sparta Prague ya fito, ya ci Italiya ƙwallo a gasar Turai ta 1996, inda Jamhuriyar Cek ta kai wasan ƙarshe a Wembley, Jamus ta tsira da ƙyar 2-1. Lazio ta ɗauke shi a shekarar, ya ci mata ƙwallon da ta ba ta kofin Cup Winners' Cup a kan Mallorca a 1999, suka ɗauki Serie A a 2000. Da Zidane ya tafi Madrid a 2001, shi Juventus ta sayo ya toshe gurbin. Wasa 91 ya buga wa ƙasarsa, ƙwallo 18. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai ta 2004, da ba gwiwarsa ta fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci ba, wa ya sani ko Girka za ta wuce su?

To amma ba wannan ne ke ci wa mutuminmu tuwo a ƙwarya ba. Abin da ba ya so a tuna 2006 ne. Badaƙalar alƙalan wasa ta fashe, aka ƙwace wa Juventus kofuna biyu, aka jefa ta Serie B, aji na biyu, aka kuma zabtare mata maki. Nan aka ga masu kaɗa ƙura. Ibrahimovic da Vieira suka nufi Inter, Cannavaro da Emerson suka bi koci Capello zuwa Madrid, Thuram da Zambrotta sai Barcelona. Nedved, mai Ballon d'Or a ɗaka, yana da shekara 34, ya zauna. Shi da Del Piero da Buffon da Trezeguet da Camoranesi suka tsaya, ƙungiyar ta tafi Rimini, aka tashi 1-1 a wasan farko a ajin 'yan dagaji. Shekara guda suka dawo da ƙungiyar sama. Bai bar ta ba sai da ya rataye takalmi a 2009.

Yanzu don Allah a duba min. Mutumin da ya bi ƙungiya saboda attajiri ya saye ta, ya gudu da aka fara lallasa ta, ya koma wata saboda ɗan wasa ɗaya, ɗan wasan ya tafi shi ma ya tattara, shi ne zai auna Nedved? Ai dole labarin wanda ya tsaya ranar wuya ya riƙa yi masa ɗaci. Kuma halin ba a ƙwallo kaɗai ya tsaya ba: 'yan majalisar da ya baro ranar da aka fara karo-karon kuɗin man janareta suna nan da ransu, a tambaye su.

Wanda ya ji haushi, mai kaza a aljihu ne, ni ban ce kowa ba. Ranar Asabar ina wajen mai shayi bayan isha'i, na biya masa kauri. Ya dai daure ya zo da jesin da yake yayi a wannan watan, don mu san wace ƙungiya za mu fara yi wa jaje.