Kafin a yi gwanjon tsohuwar kwamfuta, a rubuta sifiri a kan faifanta

A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun sayi tsofaffin faifan ajiyar kwamfuta 158 a hannun 'yan gwanjo. Guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tarar da bayanan marasa lafiya, wasiƙun mutane da dubban lambobin katin banki. A 2009 kuma, ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi wani faifai a Ghana kan dala 40, sai ga takardun kwangilar tsaro na Northrop Grumman, kamfanin ƙera makamai na Amurka, a ciki.

Dalilin ba boyayye ba ne. Idan ka goge fayil, ko ka yi wa faifai fomat na gaggawa (wato share shi don a sake amfani da shi), kwamfuta sunan kawai take cirewa daga jerinta. Tamkar ɗan kasuwa ne ya soke kaya a littafinsa, alhali buhunan na nan jibge a sito. Duk mai gyaran da ke da manhajar dawo da bayanai zai iya kwaso su. Faifan maganaɗisu ba ya sakin abin da ke kansa sai an rubuta wani abu, kamar sifiri, a daidai wurin.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsorata mutane cewa sai an maimaita rubutun sau 35. Wannan adadi ya fito ne daga takardar da masanin kwamfuta Peter Gutmann ya gabatar a 1996, kuma ya tsara shi ne don ire-iren faifan wancan zamani. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa faifan zamani ba ya buƙatar haka. Hukumar NIST, mai tsara ma'aunai da ƙa'idojin fasaha a Amurka, a ƙa'idarta ta SP 800-88, ta amince cewa zagaye ɗaya ya wadatar ga faifan yau. Ma'aikacin da aka ce masa aikin zai ci kwanaki, watsar da shi zai yi. Wanda aka ce ya kunna DBAN, manhajar shafe faifai, da yamma ya dawo da safe, zai yi. A Windows ma, tun daga samfurin Vista, cikakken fomat yana rubuta sifiri a faifan gaba ɗaya.

Wannan magana ta faifai mai juyawa ce. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, tana da nata tsarin. Faifan da ya mutu kuwa ba ya karɓar rubutu, don haka sai a huda shi ko a farfasa.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. A ganina, bai kamata asibiti, makaranta ko banki su fitar da kwamfuta gwanjo ba sai da takardar da ke nuna lambar faifan, ranar da aka shafe shi, da sunan wanda ya yi aikin.