Onisifaras Bai Ji Kunyar Sarƙar Bulus Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, ranar Lahadi bayan sujada na ga wata 'yar'uwa da mijinta yake tsare a gidan yari kan zargin da kotu ba ta yanke hukunci a kai ba tukuna. Tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannun ƙaramin ɗanta, masu fitowa suna ratse ta kamar ba su san ta ba, alhali bara mijin nan ne yake kai mawaƙa taro a motarsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ku tuna da Onisifaras, wanda Manzo Bulus ya ambata a 2 Timoti 1:16-18. A lokacin Bulus yana ɗaure da sarƙa a Roma kamar mai laifi, masu bi na lardin Asiya sun juya masa baya, har da Fijalas da Harmajanas, abokin aikinsa Dimas kuma ya bar shi ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar duniya. Tun bayan gobarar Roma ta shekara ta 64, da Sarki Nero ya ɗora laifinta a kan Kirista, kusantar ɗaurarren mai bi kasada ce da rai. Duk da haka wannan bawan Allah Onisifaras, wanda ya riga ya yi hidima mai yawa a Afisa, da ya isa Roma bai jira a aiko masa ba, sai ya shiga neman Bulus ido rufe a cikin wannan babban birni har ya same shi. Ba sau ɗaya ya je don ya sauke nauyi ba, sau da yawa ya sanyaya masa zuciya.

Mu fa? Idan ɗan'uwa ya sami ƙarin girma, gidansa ba ya rabuwa da baƙi. Bashi ya kama shi, ko jinya ta yi tsawo, ko aka dakatar da shi a ikilisiya, sai mu ce muna yi masa addu'a daga nesa. Addu'a tana da kyau, amma sau da yawa kunya ce muke rufewa da ita, domin muna tsoron kada a gan mu tare da shi sunanmu ya ɓaci. Wannan ba daidai ba ne, 'yan'uwana ƙaunatattu, kuma kun sani.

Ina roƙonku saboda Ubangiji, kada makon nan ya wuce ba ku nemi wanda kowa ya guje wa ba. Idan ba ku san inda yake ba, ku tambaya. Ku je da ƙafarku, ku tafi da abinci, ku zauna da shi.