Kibiyar hagu ta ƙi komawa baya, sai ^[[D

Wallahi na gaji. Ni ke shigar da lissafin kaya a wani shagon sari kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Manhajar da Alhaji ya biya aka rubuto mana daga Yamai irin mai baƙin allo ce: ka buga umarni, ka danna Enter. Ban ƙi ba, ta ma fi sauri.

Amma a ce mutum ba zai iya gyara abin da ya rubuta ba? Ka jero lambar kaya, sunan dillali, buhun shinkafa 250, farashi, sai a ƙarshen layi ka hango harafi ɗaya ya kauce tun a farko. Ka danna kibiyar hagu, allon ya tofo maka ^[[D^[[D^[[D. Ka danna ta sama don umarnin ɗazu ya dawo, ya ba ka ^[[A. Sai ka share layin kaf, ka sake daga fari. Ga zafin Afrilu, kuran ya ɗauke, batir na kuka, direba ya kafa maka ido yana jiran takardarsa, Alhaji na cewa, "Malam, har yanzu?"

Na kira yaron da ya rubuta ta. Wai, "Yaya, ai haka taminal take," wato baƙin allon nan. Da na matsa, ya ce readline, 'yar manhajar da ake haɗawa da wata don a iya gyara layi, ta yi nauyi, kuma lasisinta GPL ne, mai sa wanda ya raba manhajar da aka haɗa da ita ya buɗe rubutunta, shi ba zai buɗe wa duniya aikinsa ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ne ya tona masa asiri. Ya ce, "Kawu, kibiyar nan haruffa uku take aikawa, ESC da [ da D, tun zamanin na'urar taminal VT100 ta 1978. Manhajarku ce ba a koya mata fassara su ba." Ya nuna mini linenoise, ƙaramar madadin readline, wadda Salvatore Sanfilippo, mutumin Italiya da ya rubuta manhajar ajiye bayanai ta Redis, ya fitar a 2010 saboda irin wannan uzurin dai. Fayil biyu ne tak, linenoise.c da linenoise.h, lasisin BSD, babu mai tilasta maka buɗe komai. Kibiyoyi su yi aiki, tsofaffin umarni su dawo, Tab ya ƙarasa maka kalma. To ina nauyin?

Ita linenoise sai mai manhajar ya saka ta a ciki, don haka kafin shayi ya huce ya saka mana rlwrap, wata 'yar manhaja da ke yin wannan aikin daga waje, ana rubuta sunanta a gaban na manhajar, shi ke nan. Wata takwas ina share layi a banza!

Na sake kiran mutumin Yamai na ce ya saka gyaran a cikin manhajar kanta, tunda kwamfutar sito ba ta da rlwrap. Ya ce wannan "sabon aiki" ne, jaka hamsin. Jaka hamsin don kibiya ta koma baya! Alhaji ya ce in ba shi lambarsa, da bakinsa zai yi masa magana.