Li Na Ɗin Guda Nawa Ce?

*Unguwar Xiaobei, birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka. Wani gidan taliya ne na Musulmin ƙasar. Alhaji, wanda ya zo sarin yadi daga Kantin Kwari, ya ture sandunan cin abinci ya nemi cokali. Tanko, yaron shagonsa, zuwansa na farko ke nan, ya duƙufa a kan waya. Tafinta, ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a can yana taɓa fassara don na kashewa, sai zuƙar taliya yake.*

ALHAJI: Malam Tafinta, ajiye kwanon nan. Ashe ka san gaskiya ka ɓoye mini?

TAFINTA: Wace gaskiyar, Alhaji?

ALHAJI: Yarinyar nan ta masaƙa, wadda ta kawo mana shayi babu suga jiya. Na yi mata tayin wulaƙanci kana zaune kana kallona, ashe da babbar mace nake magana. Tanko, karanto masa.

TANKO: Ranka ya daɗe, na buga sunanta a waya. Li Na. Ga shi nan. A 2011 ta cinye gasar tanis ta Faransa. A 2014 ta cinye ta Ostireliya.

ALHAJI: Kana ji ko? Ci gaba.

TANKO: A 2000 ta hau wani dandamali mai tsawon mita 10 a Sidni, ta faɗo cikin ruwa, aka ba ta zinare.

ALHAJI: Don ta faɗo kawai! Ni da na faɗo daga kan babur a Sabon Gari, ko sannu ban samu ba.

TANKO: A 2002 ta yi ta ɗaya a duniya a tseren keke. A 2012 ta zari takobi a Landan, aka ƙara mata zinare. Kafin nan mawaƙiya ce, a 1997 ta aske kanta ƙwal ta shiga gidan bautar 'yan Buddha. Sannan kuma, Alhaji... *(ya rage murya)* 'yar Mao ce.

ALHAJI: Innalillahi! Shugaba Mao, wanda hotonsa ke kan kuɗinsu? Wato na zauna ina jayayya da yarinya a kan kuɗin da ke ɗauke da hoton ubanta!

TAFINTA: Alhaji, a ganinka yarinyar jiya shekararta nawa?

ALHAJI: Ba ta wuce 25 ba.

TAFINTA: To 'yar Mao a 1940 aka haife ta.

TANKO: Man shafawarsu ne, wallahi. Alhaji, mu sari katan goma, kafin azahar ya ƙare a Kwari.

TAFINTA: Tanko, bari in haɗiye lomar nan lafiya. Alhaji, mutum shida wannan yaron ya haɗa maka ya dama. Ta tanis daban take. 'Yar Wuhan ce, haihuwar 1982, ita ce ta fara ciyo wa nahiyar Asiya ɗaya daga cikin manyan kofunan tanis huɗu a wasan mutum ɗaya. Ta kai ta biyu a duniya, ciwon gwiwa ya sa ta ajiye wasa a 2014.

ALHAJI: Ai dole gwiwa ta yi ciwo. Ga keke, ga faɗowa daga sama.

TAFINTA: Ba ita ce ta faɗo ba! Mai tsunduma cikin ruwa shekararta 16 a lokacin. Ita da abokiyarta Sang Xue suka yi tsalle tare suka ci zinare, ta ƙara da azurfa a nata na ita kaɗai. A wannan gasar Olamfik ta Sidni ma, mai takobin tana nan, ta samu tagulla ita da 'yan ƙungiyarta.

ALHAJI: Gari ɗaya, gasa ɗaya?

TAFINTA: Tawaga ɗaya ma. Kuma a shekarar da ta tanis ta ɗaga kofi a Faris, mai takobin ta zama gwarzuwar duniya a Italiya. Mai karanta jarida a gurguje sai ya ɗauka daga filin tanis ta wuce ta ɗauki takobi.

ALHAJI: To ita ta masaƙar wacce ce a ciki?

TAFINTA: Ba ko ɗaya. Li Na ce mai kawo shayi. Kama da wane ba ta wane.

ALHAJI: *(ya yi ajiyar zuciya)* Kai, ka ɓata mini lissafi. Ni har na fara tunanin gurbin nan guda da ya rage mini a gida. Na ce in na zama surukin gwamnati, kwantenata ba za ta ƙara kwana a tashar ruwa ba.

TANKO: Alhaji, ko da gidan babu kowa, shida sun wuce ƙa'ida.

ALHAJI: Rufe mini baki. Malam Tafinta, su mutanen nan sunaye ne suka ƙare musu?

TAFINTA: Sunan dangi ne ba shi da yawa, kuma shi suke fara faɗa. Li ɗin shi ne na dangi, Na ɗin shi ne na yanka. Ƙasar tana da mutum kimanin biliyan 1.4, amma sunayen dangi 100 kacal sun kwashe kusan kashi 85 cikin 100. Masu Wang sun haura miliyan 100. Masu Li ma haka.

ALHAJI: Dangi ɗaya miliyan 100? Ranar biki wa ke ɗora tukunya?

TANKO: Ka bar ta tukunya, Alhaji. Ka ce duk su zo maka barka da salla.

TAFINTA: Ba duka ne 'yan uwan juna ba, sunan ne kawai ya haɗa su. Sannan akwai laifin boko. Su ba da baƙaƙe irin namu suke rubutu ba, kowace gaɓa da zanenta, kuma da karin sautinta, iri huɗu. Da an juya sunan zuwa boko, zanen da sautin duk sai su zube. Kamar a rubuta maka kuka, ba ka san ta miya ba ce ko na hawaye. Na ɗin 'yar Mao, zanensa daban ne. Amma sauran biyar ɗin, har zanen iri ɗaya ne sak.

ALHAJI: Tsaya. Ubanta Mao, ita Li? Anya babu magana a nan?

TAFINTA: Babu, Alhaji, kada ka ja mana. Mahaifiyarta Jiang Qing, asalin sunan danginta Li ne.

TANKO: To direban da ya ɗauko mu daga filin jirgi fa? Wang Hao. Shi ma na buga shi.

TAFINTA: Na shiga uku.

TANKO: Gwanin ƙwallon tebur ne, gwanin darar Turawa ne, kuma mace ne.

TAFINTA: Na ƙwallon tebur shi ne abin tausayi. Sau uku a jere yana zuwa wasan ƙarshe na mutum ɗaya a gasar Olamfik, 2004 da 2008 da 2012, sau ukun azurfa yake komawa da ita. Na farko ɗan Koriya ta Kudu ya doke shi, sauran biyun 'yan ƙasarsu.

ALHAJI: Wannan ba ƙwallo ba ne, hannu aka sa masa. Da ya zo an yi masa rubutu ya sha.

TAFINTA: Ya dai ci zinare a wasan ƙungiya. Amma a Landan ɗin nan da ya karɓi azurfarsa ta uku, wata Wang Hao, mace, ta tsunduma ruwa ta fito da zinare.

TANKO: Ashe an yi rubutun, Alhaji. Takwararsa ce ta shanye.

ALHAJI: Shi ya sa malami yake tambayar sunan uwa.

TANKO: Ga wani nan kuma, Liu Yang. Ya je sama ya dawo, yanzu lilo yake yi.

TAFINTA: Wadda ta je sama mace ce, ita ce 'yar sama jannati ta farko a ƙasar, cikin kumbon Shenzhou 9 a watan Yunin 2012. Mai lilon namiji ne, da zobba biyu yake rataya, ya ci zinare a Tokiyo ya maimaita a Faris a 2024. Kuma kafin ka lalubo mini Li Ting, su ma biyu ne, dukansu sun ci zinare a gasa ɗaya, Atens 2004. Ɗaya a tanis na 'yan bibbiyu, ɗaya a ruwa.

ALHAJI: Oho. Gida biyu aka yi guɗa ke nan, kowanne yana cewa tasa ce aka faɗa a rediyo. To in sun haɗu a wasa iri ɗaya fa? Alƙali ya yi yaya?

TAFINTA: An yi haka. Yang Yang da Yang Yang.

ALHAJI: Su huɗu?

TAFINTA: Su biyu.

ALHAJI: Na ji Yang huɗu da kunnena.

TAFINTA: Kowacce biyu gare ta. 'Yan tseren zamiya ne a kan ƙanƙara, ƙungiya ɗaya, zamani ɗaya, sau da yawa ma tsere ɗaya. A rubutunsu Yang na biyun ya bambanta, amma a allon sakamako na boko babu mai iya raba su. A gida sai aka riƙa ce musu Babba da Ƙarama.

ALHAJI: Yawwa, irin tamu. Ashe suna da hankali.

TAFINTA: A ƙasashen waje kuma aka liƙa musu harafi. Ƙaramar aka ba ta S, babbar aka ba ta L, harafin farko na kalmar Turanci mai nufin ƙatuwa. Ta ce ba ta yarda ba.

ALHAJI: Gaskiyarta! Wace mace za ka kira ƙatuwa a gaban duniya ka kwana lafiya? Ni ko a waya ban isa ba.

TAFINTA: Sai ta zaɓi A, saboda a watan Agusta aka haife ta. Aka duba ita ma ƙaramar, sai ga shi haihuwar Satumba ce, S ɗinta ya zauna daram. Ita mai A ɗin ce ta ciyo wa Sin zinarenta na farko a gasar Olamfik ta lokacin sanyi, a Amurka a 2002, tseren mita 500. A na mita 1000 kuma ta sake yin ta ɗaya, takwararta ta yi ta uku. Aka kira Yang Yang ta hau, aka sake kiran Yang Yang ta hau.

TANKO: Ita ta tsakiyar ta ga ta kanta.

TAFINTA: 'Yar Koriya ce, Yang Yang ta sama da ita, Yang Yang ta ƙasa da ita.

ALHAJI: Allah mun gode maka. Mu dai a wajenmu kowa da sunansa, ba a wannan cakuɗa.

TAFINTA: Alhaji, buɗe wayarka ka buga Sani.

ALHAJI: Bar wannan maganar, ba ita muke yi ba.

TAFINTA: To. Su dai hukuma ba ruwanta da suna, katin shaidar kowa yana da lamba 18, har da ranar haihuwarsa a ciki. Shi ya sa kullum nake ce maka kada ka ba kowa ko sisi sai mun ga sunansa da rubutunsu, da sunan kamfani, da jan hatimin nan nasu a kan takarda.

*Alhaji ya ajiye cokali. Tanko ya fara kallon silin.*

TAFINTA: Alhaji? Lafiya?

ALHAJI: Da safen nan, lokacin da kake makaranta... mun ɗan zaga kasuwa.

TAFINTA: Ba tare da ni ba.

ALHAJI: La'adarka ce take da nauyi, ɗana. Mun samu wani bawan Allah mai shadda, farashi kamar kyauta. Da kalkuleta muka yi ciniki, ya danna, na danna. Na ba shi kafin alƙalami, yuwan 20,000, hannu da hannu.

TAFINTA: A wane shago?

ALHAJI: A bakin matattakala muka tsaya. Ya nuna sama da yatsa.

TAFINTA: Benen hawa nawa ne?

TANKO: Ban ƙirga ba, wuyana ya gaji.

TAFINTA: Sunansa?

ALHAJI: Wannan kam na riƙe shi gam, don na ce ya maimaita sau uku. Suna ne baƙo, ban taɓa jin irinsa ba. Zhang Wei.

TAFINTA: *(ya dafe kai)* Alhaji, duk faɗin ƙasar nan babu sunan da ya kai shi yawa. A ƙidayar ma'aikatar tsaron jama'a, masu shi sun kusa 300,000. Masu zane iri ɗaya ke nan, ban da waɗanda boko ya haɗa su da su.

ALHAJI: Dubu ɗari uku?

TAFINTA: Bai ba ku kati ba?

ALHAJI: Ya bayar! Tanko, kawo katin.

TANKO: Ranka ya daɗe, katin duk zane-zane ne, ba abin karantawa. Sai na kwafe sunan da boko a tafin hannuna.

TAFINTA: Katin fa?

TANKO: Naman jiya ne ya maƙale mini. Na yi sakace da shi.

ALHAJI: Tanko, kuɗin jirginka na komawa, a cikin albashinka zan cire. Na shekara huɗu.

TANKO: A yi haƙuri, Alhaji, yanzu zan nemo shi.

*Tanko ya fita bakin ƙofa, ya kafa hannu biyu a baki.*

TANKO: ZHANG WEI!

*Wani mai tura kaya a amalanke ya waiwayo. Wani mai kwat da jaka ya tsaya. Daga cikin kicin, mai jan taliya ya leƙo da kwaɓin fulawa a hannu.*

TAFINTA: Ga uku nan, Alhaji. Wanne ne?

ALHAJI: *(ya gyara hula, ya dube su ɗaya bayan ɗaya)* Kada ka bar ko ɗaya ya tafi. Tambaye su watan haihuwarsu.