Famfona lafiyarsa ƙalau, aljihuna aka yi wa fiɗa

Tun da hunturun nan ya shigo a watan Disamba tsohuwar JCB ɗina, motar haƙa ƙasa, ta tsiro da sabon hali. Direba zai tashe ta bayan sallar asuba, inji ya kama tsaf, amma da ya ja liba sai hannun haƙa ya riƙa ɗagawa kamar tsoho mai ciwon baya, ya yi karkarwa, ya tsaya, ya sake fizga. Famfon haidurolik kuwa kuka yake kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Sai ta kwashe minti 30 ko 40 a haka, mai ya ɗauki zafi, sannan ta koma aiki kamar ba ita ba. Tushen gini muke haƙawa a Kenyase, kusa da Kumasi, kuɗin yini ake biyana, mai aikin kuma kullum yana tsaye yana duba agogo, leburori sun zauna a kan bulo suna kallonmu.

Na tashi daga Aboabo na nufi Suame Magazin, unguwar masu gyaran motoci, wurin wani fita, wato bakanike, da aka yi ta yaba mini. Kada a ce na yi wa Magazin kuɗin goro. Akwai masu hannu na gaske a wurin, shi ya sa har daga Burkina da Mali ake kawo motoci. Nawa rabon dai a kan wannan mutumin ya faɗa.

Ƙarfe 11 na rana ya iso wurin aikin. Mota ta riga ta yi zafi, tana haƙa abinta. Bai buɗe tankin mai ba, bai taɓa tiyo ko ɗaya ba, geji ma bai zo da shi ba balle ya auna ƙarfin famfo. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a aljihu, ya ce, "Alhaji, famfonka ya mutu." Na ce, "Masta, mataccen famfo ne yake haƙa ramin nan da kake gani?" Ya yi dariya, wai shekararsa 20 a wannan aiki.

Na bi shi, saboda uwar kuɗi ce a tsaye. Sidi 11,000 na ƙirga masa na famfo hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, da kuɗin aiki, aikin kwana uku ya wuce ni. Washegarin da aka ɗaura, da asuba, kukan nan ya dawo yadda yake, ko gezau. Na kira shi, ya ce to bawul ne, in kawo wasu kuɗin. Wallahi na san inda zuciyata ta kai a lokacin, na dai kashe wayar.

Wani dattijo a Asawase, abokin marigayi mahaifina, wanda ya tsufa a gyaran katafila, shi na kai wa kukana. Tambayarsa ta farko: "Ɗana, da sanyi take yi ko da zafi?" Na ce, "Da sanyi, Baba." Ya girgiza kai. Ya ce famfon da ya cinye, da rana yake nuna kansa, domin mai in ya yi zafi yakan tsinke ya riƙa zillewa ta ciki, ƙarfi ya ragu. Wanda yake kuka da safe ya yi shiru da rana, yunwa yake ji, mai ne ba ya isa gare shi. Ya ce kada a tashe ta gobe sai ya zo.

Ƙarfe 5 da rabi yana wurin da tocila. Aka tashe ta minti biyu, aka kashe, ya sassauta murfin tanki a hankali ya haska. Mai ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu, launinsa kuma kamar shayi da madara. Kumfar, iska ce take shiga. Farin kuwa ruwa ne, tun na damina, ta murfin da robarsa ta tsage. Ya kwanta a ƙasa, tsoho da shi, ya kamo ƙaton tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo. Ya bushe ƙamas kamar ƙirgi, kilif ɗinsa yana juyawa da yatsa. Tiyon nan ba ya ɗiga, shi ya sa ba mai kula shi. Tsotsa yake yi, don haka iska yake ja ciki. Da aka zare rariyar cikin tanki, baƙin dagwalo ne ya toshe ta. Sannan direbana ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, cewa duk sanda mai ya ragu, da baƙin man inji yake cikawa, don shi ne a kusa. Man haidurolik mai lamba 46 Baba ya ce ya kamata a zuba. Sanyin Kumasi nawa yake? Da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 20. Man kirki ba ya daskarewa a haka, sai wanda aka gauraya shi da tarkace.

Sabon tiyo, kilif biyu, filta, murfi, aka wanke rariya da tanki, aka zuba sabon mai. Washegari ta ɗaga bokiti lafiya lau tun kafin gari ya waye sosai. Kuɗin kayan, ban da mai, ko kusa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da fitan ya karɓa bai kai ba. Baba kuwa kuɗin mota da goro kawai ya yarda ya karɓa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan shi ya kwance famfo ya ɗaura wani, hannunsa ya riƙe wannan busasshen tiyo, ya mayar da shi yadda yake. Ko dai bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, duka biyun ba su yi mini ba.

Jiya na koma shagonsa na ce ya ba ni tsohon famfona, tunda ƙalau yake. Ya ce yaransa sun haɗa shi da kayan gwangwan. Na ce, "Masta, wanne ne wancan a bayan benci, mai fentin ja da na shafa da hannuna?" Ya ce in dawo ranar Litinin. Zan dawo, kuma da Baba za mu zo.