Nasiha Kan Ƙagaggun Labaran da Muka Karanta Bana

Salama da alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu su tabbata a gare ku, iyayena da ƴan'uwana na cikin Maradi da na ƙauyuka, da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su Yamai, Damagaram ko Kano.

Shekara ta zo ƙarshe, hunturu ya sauko, kuma wasu daga cikin matasan ikilisiyarmu sun nemi in faɗa musu ƙagaggun labaran Kirista da suka fi burge ni cikin waɗanda na karanta bana. Zan faɗa, amma kafin nan akwai maganar wani dattijonmu da ya kamata in amsa, domin ya tare ni bayan sujada ya ce, "Malam, yaya mai bi zai ɓata dare a kan labarin da bai taɓa faruwa ba, alhali an hana mu ƙarya?" Na ce masa, "Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma tsoron Allah ne ya kawo ta." Sai dai Markus 4:33-34 ya shaida mana cewa da misalai Ubangiji yake yi wa taro magana, kuma babu wanda ya taɓa neman sunan garin da ɗan nan mubazzari na cikin misalinsa ya ƙarar da gadonsa. Da ya ba da labarin mutum biyu da suka yi gini, ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan rairayi, ya san masu sauraronsa sun san aikin ruwa. Mu ma mun sani, tun da kakanninmu sun ga ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maradi a cikin fadama har aka mayar da gari kan tudu, shi ya sa Bamaraɗe ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan misali. Al'adarmu kuma ta riga ta raba tatsuniya da ƙarya. Mai tatsuniya yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ya rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san abin da ake yi, ba a yaudari kowa ba.

Ma'aunin da nake auna labari da shi na samo shi ne daga 2 Sama'ila sura 12. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kai mijin bakin dāga aka kashe shi, ya koma fada ya zauna kamar ba abin da ya faru. Da annabi Natan ya shigo, bai fara da tuhuma ba. Ya ba shi labarin attajiri mai garken tumaki da shanu, da wani matalauci wanda ba shi da komai sai ƴar tunkiya guda da ya saya ya rena tare da ƴaƴansa, tana ci daga abincinsa, tana sha daga ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar ɗiyarsa. Attajirin ya yi baƙo, ya ƙi taɓa garkensa, ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya husata, ya yanke hukunci da bakinsa cewa mutumin ya cancanci mutuwa kuma sai ya biya ninki huɗu. A nan Natan ya ce masa shi ne mutumin. Labarin tunkiya ya shiga inda wa'azi kai tsaye zai tarar da ƙofa a rufe, kuma abin da ya biyo baya shi ne tuban da muke karantawa a Zabura 51. Saboda haka idan na gama karanta labari, nakan tambayi kaina ko ya nuna mini kaina ne, ko kuwa ya bar ni ina jin haushin wasu kawai.

Na farko a wurina bana tsohon littafi ne mai suna The Pilgrim's Progress, labarin wani matafiyi, wanda John Bunyan ya rubuta, aka buga shi a Ingila a 1678, na kuwa karanta shi a fassarar Faransanci. Bunyan mai gyaran tukwane ne, ba shi da ilimin boko mai zurfi. An kulle shi a kurkukun garin Bedford daga 1660 zuwa 1672 saboda ya ƙi daina wa'azi ba tare da izinin hukuma ba, ya bar mata da ƴaƴa a gida, cikinsu har da ɗiyarsa makauniya. Na ambaci wannan ne domin ku san cewa mutumin da ya rubuta labarin matafiyi mai barin Birnin Hallaka da kaya a bayansa ya san nauyin abin da yake faɗa. Mutane da yawa sun riƙe wurin da kayan ya kwance ya faɗi a gindin gicciye, kuma wuri ne mai daɗi ƙwarai. Amma abin da ya hana ni barci yana can gaba, bayan an sauke kayan, inda hanya ta yi tsauri ga ƙafa, matafiyin da abokinsa suka hango wata makiyaya mai laushi a gefe, suka tsallaka da zaton cewa ita ma can za ta ɓulla. Dare ya yi musu, ruwa ya sauko, suka wayi gari a hannun wani ƙato mai suna Yanke-Ƙauna, wanda ya jefa su cikin kurkukun gidansa na Shakka tun daga safiyar Laraba har daren Asabar, ba ci ba sha, yana dukansu, yana ba su shawara su kashe kansu su huta. Sai da suka duƙufa ga addu'a tun tsakar dare har gab da asuba, sa'an nan matafiyin ya tuna cewa tun farko akwai wani mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari, wanda yake buɗe kowace ƙofa ta gidan.

Na ajiye littafin a nan na daɗe ina tunani. A watannin da hatsi ya yi tsada, kuɗin lakwal na yara ya taru, ga jinya a gida, na yi kwanaki ina kwana da damuwa ina tashi da ita, alhali ni ne nake koya wa yara haddar Ibraniyawa 13:5, inda Allah ya yi alkawarin ba zai bar mu ba, ba kuwa zai yashe mu ba. Mabuɗin yana ƙirjina, ban taɓa shi ba. Na kuma lura da wata gaskiya da marubucin bai ɓoye ba, wato abokin tafiya na farko, Mai-Aminci, bai tsira daga Kasuwar Banza ba. An yi masa shari'ar zalunci aka ƙone shi, kuma marubucin bai ga wannan a matsayin faɗuwar bangaskiya ba.

Na biyu gajeren labari ne na Tolstoy, marubucin Rasha, wanda ya fito a 1885. Wani baduku mai gyaran takalma ne, matarsa da ƴaƴansa duk sun rasu, yana zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai taga guda wadda ba ya hango komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa, har yakan gane mutane ta takalmansu. Wani dare yana karanta Bishara sai ya ji kamar an ce masa ya duba titi gobe, Ubangiji zai ziyarce shi. Ya wuni yana leƙe. Ya kira wani tsoho mai share ƙanƙara ya ba shi shayi, ya shigo da wata mata mai goyo da sanyi ya kama ya ba ta abinci da mayafi, ya sulhunta wata tsohuwa mai talla da yaron da ya fizge mata ɗan itace. Da dare ya yi, ya buɗe Littafi, idonsa ya faɗa kan Matiyu 25, inda Ubangiji ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin ƴan'uwansa shi aka yi wa.

Labarin ya sa ni hawaye, kuma da a nan na tsaya da na yi asara. Washegari da sassafe ɗan ga-ruwan da yake kawo mana ruwa ya turo kurarsa cikin sanyin nan, hannuwansa duk sun tsattsage, na fito ina yi masa faɗa a kan ya makara. Yana juye jarkokin sai labarin daren jiya ya dawo mini. Shekara uku yana shiga gidana, ban san garinsu ba, ban san ko yana da iyali ba, ban taɓa ce masa ya zauna ya sha kunu ba, amma na iya zubar da hawaye saboda badukun da ba a taɓa haifa ba. Na ba shi haƙuri a ranar, muka zauna muka karya tare, na ji cewa ya baro mata da ƴaƴa biyu a ƙauye ya zo cin rani. Na faɗi wannan ne domin kunyar da na ji ita ce mafi amfanin abin da karatun bana ya ba ni.

Yanzu kuma ga abin da ya fi damuna. Yawancin labaran da matasanmu da iyayenmu mata suke karantawa ba a takarda suke ba, a salula suke, ana turo su shafi-shafi ta WhatsApp da Facebook. Na bi wasu daga cikinsu har ƙarshe domin kada in yi magana a kan abin da ban gani ba. Akwai masu kyau, Allah ya ƙara wa marubutansu basira. Amma da yawa zubinsu ɗaya ne. Wata baiwar Allah tana shan wuya a hannun uwar miji ko dangin miji, ta yi azumin kwana bakwai, sai maƙiyiyar ta haukace ko ta mutu, ita kuwa ta sami mota da gidan bene, a ƙarshe a ce ka rubuta "Amin" ka tura wa mutum goma. Irin wannan labari yana koya wa zuciya ta ɗauki addu'a kamar aikin boka, ta riƙa jiran ranar da za ta ga gawar wanda ya ɓata mata. Ina za mu kai Romawa 12:14-21, inda aka ce mu sa wa masu tsananta mana albarka, mu ciyar da maƙiyinmu idan yana jin yunwa? Ina za mu kai Istifanas, wanda ya roƙa wa masu jifansa gafara yana cikin mutuwa? Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin ya ishe shi. Gwauruwar da take zaune a bencin baya, wadda ta yi addu'a shekara da shekaru kuma gonarta ba ta ba da abin kirki ba bana, idan ta sha irin waɗannan labarai za ta ɗauka Allah ya manta da ita, alhali ƙarshen Ibraniyawa 11 ya lissafa waɗanda aka jejjefe, aka tsare, suka yi yawo cikin rashi, kuma aka yaba bangaskiyarsu.

Akwai kuma waɗanda suke mayar da duk wanda ba Kirista ba mugu. Mu a nan garin da maƙwabtanmu Musulmi muke zaune, da yawanmu kakanmu ɗaya da su, tare muke biki, tare muke zaman makoki. Ku tuna cewa a misalin Luka 10 firist da Balawe ne suka ratse suka wuce, wanda ya tsaya ya ɗaure raunin kuwa Basamariye ne, mutumin da masu sauraro suke ƙyama.

Mafi muni shi ne labarin da aka ƙaga amma aka yi masa lakabin shaida, aka ce ya faru da wata ƴar'uwa a wani gari da ba a ambata ba. A nan maganar dattijonmu ta tabbata, domin wannan ƙarya ce da sunan Allah, kuma wanda ya tura ta ba tare da ya tabbatar ba yana da rabonsa a ciki. Mutanen Biriya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 17:11 ya nuna, har wa'azin Bulus kansa sukan gwada da Nassi kowace rana.

Ƴan'uwa, Allah ya faɗa wa Ezekiyel a sura 33 cewa jama'a suna zuwa su zauna gabansa suna sauraronsa kamar mai waƙa mai zaƙin murya, suna jin maganar amma ba sa aikatawa. Mai karanta labaran Kirista yana iya faɗawa cikin wannan hali bai sani ba, domin hawayen da ya zubar a kan labari yakan sa ya ji kamar ya riga ya yi biyayya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, waɗanda suka riga mu sun koyi karatu da fitilar kwano domin su karanta shi, ga shi yau har a salula yana nan. Wanda ya karanta shafi tamanin na ƙagaggen labari a wata guda amma bai gama Bisharar Markus mai sura 16 ba, ya zauna ya sake lissafi. Ni kaina littafin Bunyan ya riƙa kora ni zuwa Nassi ne, domin kusan kowane shafi nasa yana tsaye a kan wata aya, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na sa shi gaba.

Iyayenmu da yawa ba su yi lakwal ba, kuma bai dace mu riƙa cin wannan abinci mu kaɗai ba. Saboda haka mun shirya da shugabar zumuntar mata da shugaban matasa, da yardar fasto, cewa kowace Laraba bayan addu'ar yamma zan karanta yanki ɗaya na labarin matafiyin, in mayar da shi Hausa da baki, sa'an nan mu buɗe ayoyin da yankin ya dogara a kansu mu tattauna. Kowa ya zo da Littafinsa da mayafin sanyi. Za mu fara daga farko, inda mutumin yake tsaye da tsummoki a jikinsa, littafi a hannunsa, yana kuka yana tambayar abin da zai yi.