Rigimar Gurbin Makaranta a Montgomery da Abin da Ta Tuna Mini a Gida

A gundumar Montgomery ta jihar Maryland, wadda ke maƙwabtaka da birnin Washington, inda nake zaune da iyalina, akwai wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin iyayen yara da hukumar ilimi tun shekarar 2018, kuma duk lokacin da ta sake tashi sai in ji kamar an mayar da ni Najeriya. A kan gurbin karatu ake yin ta, a wasu azuzuwa na musamman da ake kai yara masu hazaƙa idan sun gama aji biyar na firamare, suna da shekara 10 zuwa 11. Mutanen nan suna kiran irin waɗannan azuzuwa da sunan maganaɗisu, saboda suna jawo yara daga unguwanni masu nisa zuwa makaranta guda. Na Takoma Park na lissafi ne da kimiyya da ilimin kwamfuta, na Eastern da ke Silver Spring kuma na adabi ne da tarihi da rubutu, sannan akwai takwarorinsu biyu a Germantown domin yaran arewacin gundumar. Takoma Park da Eastern kowacce yara ɗari da 'yan kai take ɗauka a shekara, a gundumar da ɗalibanta suka kai kimanin 160,000.

A da, sai iyaye sun nema kafin a duba yaro. Su za su cike takarda, su karɓo shaidar malamai, su kai yaron ya zauna jarrabawa a ranar da aka sa. Ɗana na fari ya gama aji biyar a ƙarƙashin wannan tsari, kuma sai da ya shiga aji bakwai na san da zaman waɗannan azuzuwa. A lokacin aikin dare nake yi, mahaifiyarsa kuma ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, takardun da yake dawowa da su daga makaranta suna taruwa a kan teburin cin abinci har sai an kwashe su ranar Asabar. Ba na shakka sanarwar ta zo a cikinsu. Laifin nawa ne, kuma har yau idan na ga yadda yake warware lissafi sai abin ya taɓa mini zuciya. Amma na san ba ni kaɗai ba ne, domin a masallacin da muke sallar Juma'a akwai 'yan Habasha da 'yan Senegal da 'yan Gini masu tuƙin tasi da aikin jinya, waɗanda labarinsu da nawa duk ɗaya ne.

A shekarar 2016 wani rahoto da hukumar ilimi ta sa kamfanin Metis Associates ya rubuta ya nuna cewa yaran baƙaƙen fata da na 'yan asalin Latin Amurka da na masu ƙaramin ƙarfi ba su da yawa a waɗannan azuzuwa idan aka kwatanta da yawansu a gundumar. Daga nan aka sauya tsari. Aka daina jiran iyaye su nema, aka koma duba sakamakon kowane yaro ɗan aji biyar, aka ajiye shaidar malamai gefe, yawan yaran da ake dubawa ya tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Aka kuma ƙara wani sharaɗi wanda shi ne ya fi tayar da ƙura: idan makarantar unguwar yaro tana da wasu yara da dama masu irin hazaƙarsa, to damarsa ta samun gurbi ta ragu, bisa hujjar cewa za a haɗa su a can a ba su darussa masu zurfi, a bar gurbin ga yaron da ba shi da abokan gogayya a makarantarsu. Wannan sharaɗi ya fi shafar unguwannin masu hali na yammacin gundumar, inda iyalai 'yan asalin Asiya suke da yawa, kuma adadin yaransu da ake ɗauka ya ragu. Wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya suka kai ƙara kotun tarayya a 2020, suna cewa an nuna musu wariyar launin fata ta bayan gida, kotu kuma ta kori ƙarar a 2022. Kafin nan annobar korona ta hana zama jarrabawar da aka saba, sai hukuma ta koma ƙuri'a: yaron da makinsa ya kai wani mizani, wanda ake aunawa da la'akari da yawan talakawa a makarantarsa, sai a jefa sunansa cikin tulin sunaye a zaro. Annoba ta lafa, ƙuri'a ta zauna.

Na halarci wani taron iyaye da aka yi da daddare a ɗakin cin abinci na wata makaranta, muna zaune a kan kujerun yara, gwiwoyinmu suna taɓa tebur. Wata maƙwabciyata, wadda ita ma baƙuwa ce a ƙasar kamar ni, ta zo da jakar takardu cike da shaidar gasar lissafin da ɗanta ya ci tun yana aji biyu. Da aka ba ta dama ta yi magana, hannunta yana rawa, ta ce ita da mijinta sun bar ƙasarsu ne saboda an gaya musu a nan ƙoƙarin mutum ne yake magana, sun hana kansu hutu suna biyan kuɗin lesin, ga shi yanzu an ce makomar ɗanta tana hannun canki-canka. Ban ji alamar mugunta a muryarta ba, tsoro na ji, irin tsoron duk wanda ya bar gida ya zuba komai nasa a kan karatun 'ya'yansa. Bayanta wani dattijo ɗan Habasha ya miƙe, da Turancinsa mai nauyi, ya ce shi bai taɓa cike wata takarda ba, wasiƙa kawai ya gani a akwatin gidansa cewa an duba sakamakon 'yarsa an ga ta cancanta. Ya riƙe wasiƙar a hannu, ta yi laushi saboda yawan buɗewa da naɗewa.

Kalmar da ta fi yawo a ɗakin nan ita ce cancanta, kuma ni na san zafin wannan kalma tun ina yaro. A ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnatin tarayya na yi sakandare, a kudancin Najeriya, kuma tun makon farko wasu 'yan ajinmu suka sanar da ni cewa da alfarma na shigo, tunda daga Arewa nake. Ko da na zo na uku a jarrabawar ƙarshen zango, maganar ba ta mutu ba. Waɗannan kwalejoji, da aka fara kafawa a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, an yi su ne domin a haɗa yaran ƙasar wuri guda, kamar yadda aka kafa azuzuwan Montgomery tun asali domin a cakuɗa yaran unguwannin da launin fata da arziki suka raba. A shekarar 2013 da aka wallafa mafi ƙarancin makin shiga na kowace jiha, aka ga yaron Anambara sai ya ci 139 cikin 200, yaro namiji daga Yobe kuma maki 2 aka sa masa, ƙasar ta ɗauki zafi. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, babbar kotun tarayya a Legas ta yanke hukunci a 2014 cewa wannan bambanci ya saɓa wa tsarin mulki. Abin da iyayen Anambara suka faɗa a lokacin, kusan shi ne maƙwabciyata ta faɗa a taron nan, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ba su da hujja ba.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata mu 'yan Arewa mu kalla da idon basira, domin a nan ne na ga abin da Montgomery ta yi daidai wanda mu ba mu yi ba. Mu maki muka rage, muka zauna muna jiran yaro ya zo. Amma kafin yaro ya ci gajiyar ragin, sai mahaifinsa ya san da jarrabawar, ya sayi fom, ya kai shi cibiyar da za a rubuta, ya kuma iya biyan kuɗin mota da na kwanan makaranta. A iya abin da na gani da idona, mu da muka shiga da kason jihohinmu yawancinmu 'ya'yan ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwar birni, waɗanda da an matsa mana da mun ci makin da kowa ya ci. Ɗan manomin da ke ƙauye, wanda da sunansa aka yi ragin, bai ma ji labari ba, yana can yana kiwo ko yana zaune a ƙasa a ajin da ba shi da rufi. Aka bar mu da gori, aka bar shi da jahilci, firamaren ƙauyensu kuma ba ta canja ba. A nan kuwa hukuma ce ta tashi ta je ta nemo yaron a ajinsa, ba tare da ta tambayi ko mahaifinsa ya iya cike takarda ba. Duk wanda ya ce a koma tsarin da, inda sai iyaye sun nema, to yana cewa ne a ci gaba da auna wayewar uba a kira ta hazaƙar ɗa, kuma ni ba zan goyi bayan wannan ba ko da 'ya'yana ne za su amfana, yanzu da na san hanya.

Ƙuri'ar ce ban yarda da ita ba, kuma a nan ina tare da maƙwabciyata. Na fahimci dalilin da ya sa aka kawo ta a lokacin annoba, kuma na san masu kare ta suna cewa tsakanin yara ɗaruruwa da duk suka kai mizani, bambancin maki ɗaya ko biyu ba ya nuna komai sai yawan lesin. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai yaran da buƙatarsu ta fita daban, irin wanda yake aji biyar yana warware lissafin 'yan sakandare, kuma idan aka bar shi a ajin da ya riga ya wuce, zaman banza zai koya. Irin wannan yaro yana iya fitowa daga kowane gida, har da gidan mai tuƙin tasi, kuma shi ne ƙuri'a ta fi cuta, domin ɗan mai hali idan bai dace ba iyayensa za su saya masa abin da ya rasa a waje. Ban da haka, yaro ɗan shekara 10 da aka gaya masa ya cancanta amma sunansa bai fito ba, da wuya a samu kalmar da za a yi masa bayani da ita.

Idan hukuma da bakinta ta ce yaran da suka cancanta sun ninka gurbin da take da shi sau da yawa, to ta riga ta faɗi inda ciwon yake. Na tuna da abin da jihar Kano ta yi a 1977, lokacin da aka ga jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta. Gwamnati ta kafa makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zuba musu malamai da kayan gwaje-gwaje, ta riƙa zaƙulo yara daga makarantun jihar ta hanyar jarrabawa, daga baya kuma aka ƙara wasu, har da na 'yan mata. Duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in Arewa ya san yawan waɗanda suka fito daga can. Yayana, wanda ya koyar shekaru da yawa a Kano, da na ba shi labarin rigimar nan ta waya sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙanena, ƙasar da take da wannan arziki, me ya hana ta ƙara aji?" Na ce masa, "Wallahi Yaya, tambayar da nake jira in ji a bakin iyayen nan ke nan." Gaskiya ne hukuma ta buɗe darussa masu zurfi na lissafi da tarihi a makarantun unguwanni, kuma mataki ne mai kyau, amma darasi ɗaya ko biyu ba ya maye gurbin cikakken shiri na shekara uku da malaman da aka horar dominsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda rigimar ta mayar da baƙi abokan gabar juna. A zaurukan WhatsApp na iyaye na ga an rubuta maganganu a kan yaran baƙaƙen fata waɗanda suka yi kama da abin da aka faɗa mini ina aji ɗaya, na kuma ga an rubuta a kan yaran 'yan Asiya cewa haddar lesin kawai suka iya, wanda shi ma zalunci ne ga yaran da na san irin wahalar da suke sha. Dukkanmu jirgi ɗaya ya kawo mu, kuma kuɗin harajinmu ne yake tafiyar da makarantun.

Bayan taron na tarar da maƙwabciyata a wurin ajiye motoci tana mayar da takardun ɗanta cikin jaka. Na gaya mata ban yarda da ita a kan komawa tsohon tsari ba, na kuma ba ta labarin ɗana na fari da takardun da suka taru a kan tebur, abin da ban taɓa gaya wa kowa a unguwar ba. Sannan na roƙe ta mu rubuta wasiƙa guda zuwa ga hukumar ilimi, ni da ita da dattijon nan ɗan Habasha, mu nemi a ci gaba da duba kowane yaro, a buɗe irin waɗannan azuzuwa a ƙarin makarantu, a kuma sa ranar da za a daina ƙuri'a. Ta ce za ta yi shawara da mijinta. 'Yata ta ƙarshe tana aji huɗu yanzu, baɗi war haka sunanta zai shiga cikin waɗanda za a duba, kuma daftarin wasiƙar yana nan a kan teburin cin abinci ina jiran amsarta.